Amsoshin Tambayoyinku: Yaya za a adana Dutsi?

Wani mai sauraronmu daga Zurmi yana tambaya ko akwai hanyar kare tsohon garin Dutsi daga lalacewa.

To malam, akwai. Dutsi, a ƙasar Zurmi, nan ne masana tarihi ke cewa sarakunan Zamfara na farko suka zauna, kuma kaburburansu suna can. Amma katange kaburbura kaɗai bai isa ba. Dubi Sukur a jihar Adamawa: a 1999 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, da fadar sarkinsu da gonakin da aka jera da duwatsu a gangaren dutse gaba ɗaya. Ya kamata masarauta da manoman Dutsi su hana haƙar ƙasa da sare tsofaffin itatuwa, sannan su nemi hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta shata iyakar wurin.