Tsibirin da mutane suka gina

Birnin Pari na ƙasar Faransa yana bakin kogin Sen, kamar yadda Yamai take bakin kogin Kwara. A tsakiyar kogin akwai wani tsibiri siriri. Faransawa suna ce masa «Île aux Cygnes», da sunan wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, ɗan'uwan dinya.

Ba ruwa ne ya tara tsibirin nan ba. Mutane ne suka gina shi a shekarar 1827, don ya kare tashar jiragen ruwa ta Garnel. Tsawonsa mita 850, ya fi gadar Kennedy ta Yamai tsawo. Amma faɗinsa kamar mita 11 ne kawai. Wanda ya tsaya a tsakiya yana ganin ruwa dama da hagu.

Gadoji uku sun ratsa ta kansa. Mai ziyara yakan sauko daga gada ta matakala. Babu gidan kowa a ciki, mota kuma ba ta shiga. Hanya guda ce, da itatuwa fiye da 300 da kujerun zama a gefenta. Tsofaffi suna shan inuwa, samari suna gudu. A 2012 an kafa kayan motsa jiki a wurin, kyauta ga kowa.

A ƙarshen tsibirin akwai gunkin wata mace riƙe da fitila, wanda ake kira Gunkin Ƴanci. Amurkawa mazauna Pari ne suka ba birnin shi a 1889. Da farko ya fuskanci gabas. A 1937 aka juya shi yamma, wajen Amurka, inda babban gunkin yake.

A wannan shekara ta 1937 an yi babban bajekoli a Pari. A kan tsibirin aka kakkafa rumfunan ƙasashen da Faransa take mulka, har da ta Afirka ta Yamma, wadda Nijar take ciki. Abin mamaki, a gindin Gunkin Ƴanci aka nuna kayan mutanen da ba su da ƴanci. Sai bayan shekara 23, ran 3 ga Agusta 1960, Nijar ta samu nata.

Tambayoyi
1. Don me aka gina tsibirin?
2. Shekara nawa tsakanin 1827 da 1937?
3. Me aka kafa a tsibirin a 1937?