Famfo Ba Ya Mutuwa Rana Ɗaya

Ƴaƴana samarin Gidan Amumune, ku matso kusa mu yi magana a kan famfon tuƙa-tuƙa da iyayenku mata ke jera jarkoki a gabansa tun asuba. Ƙasarmu rairayi ce, ruwa kuma yana nesa. Duk wanda ya ja guga a rijiyoyin yankin Gulbin Kaba ya san yadda igiya ke cin tafin hannu. Shi ya sa zuciyata ke ɓaci idan na ga famfo a tsaye, hannunsa a sake, awaki na kwance a gindinsa, mutane na jiran wani furoje ya zo ya kawo sabo.

Famfo yana faɗin ciwonsa tun kafin ya kwanta. Ku ɗauki irin da ake kira India Mark II, wanda aka ƙera a Indiya cikin shekarun 1970 da taimakon UNICEF. Idan kun ji hannunsa yana ƙara, sarƙar da ke cikin kansa ce ta bushe, giris kawai take nema. Idan da safe sai an tuƙa an tuƙa kafin ruwa ya hau, bawul ɗin da ke can ƙasa ne ke yoyo, ruwan bututu ya koma cikin dare. Idan kuwa ana tuƙi da ƙarfi ruwa na fitowa siriri, robobin da ke cikin silinda sun cinye. Wannan gyara sai an zaro bututu ɗaya bayan ɗaya, kowanne mita 3, kuma a nan nake roƙonku ku yi hattara: bututu ya kuɓuce ya faɗa rami, an shiga uku. Ku kira magyarin da ya koyi aikin, ku tsaya kusa da shi, ku riƙe masa sifana, ku buɗe ido. Haka ake gadon sana'a.

Mai feda da ake takawa da ƙafa, Vergnet na Faransa, ya fi sauƙi ta wannan fuska, don yawancin abin da ke saurin cinyewa yana sama, kusa da hannu.

Sai maganar kuɗi. Dalar da ake karɓa a kan jarka ba ta shayi ba ce, ba ta bashi ba ce. Amana ce. Ku sa a rubuta a littafi, a karanta a gaban mai gari, don ranar da roba ta cinye a samu na mota zuwa Mayahi ko Maradi a sayo, ba tare da an bi gida gida ana roƙo ba. Ku kuma hana ƙannenku lilo da hannun famfo, ku koya musu tuƙi dogo a hankali.

Kafin ku tafi cin rani bana, ku fitar da mutum biyu daga cikinku su koyi wannan gyara. Allah ya yi muku albarka.