Bayan An Cire Haƙorin Hankali: Kula Da Rami Da Shawo Kan Zogi

Baligi mai cikakken baki haƙora 32 gare shi, kuma huɗu daga ciki su ne autannin baki: turamen nan na can ƙurya, biyu sama biyu ƙasa, waɗanda ake kira haƙoran hankali. Galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25 suke fitowa, bayan sauran haƙora sun riga sun kama wurarensu. Wani nasa su fito lafiya lau, ya tauna goro da su har tsufa. Wani kuwa muƙamuƙinsa ba sauran fili, sai haƙorin ya fito a karkace, ko ya tokari na gabansa, ko ya maƙale rabi a waje rabi cikin dasashi, abinci ya riƙa shiga ƙarƙashin fatar yana ruɓewa. Daga nan sai kumburi da zogi, har likita ya ɗauki hoto ya ce sai an cire.

Cirewar kanta da allurar kashe zafi ake yi, kuma sau da yawa kafin mutum ya gama fargaba an gama. Inda ake yin ɓarna shi ne gida.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, da an zare haƙori jini yakan cika ramin ya daskare, ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne murfin da ke rufe ƙashi da jijiyoyin da ke ƙasa, kuma a cikinsa sabon nama ke fara tsirowa. Saboda shi ne likita ke naɗe auduga ya ɗora a kan ramin ya ce a danne da haƙora na rabin awa ko fiye, ba surutu, ba taunawa. Mutane da dama kuwa suna isa gida sai su nufi madubi. Su ga wani abu baƙi-baƙi a ramin, su ɗauka datti ne, su sa tsinken sakace ko harshe su tono shi. Wasu kuma ba sa jure ɗanɗanon jini, sai su yi ta tofar da yawu da ƙarfi, suna kurkure baki kamar suna wanke tulu. Duk wannan fisge murfin yake yi. Yawu mai ɗan ja-ja a ranar farko, ko tabo a jikin matashin kai da safe, ba abin tashin hankali ba ne. In jini ya dawo sosai, sai a naɗe auduga mai tsabta ko hankici, a ɗan jiƙa, a ɗora, a cije minti 20 zuwa 30 ana zaune, kai a sama.

Awa 24 na farko ba a kurkure baki. A nan musulmi kan tambaya, to alwala fa? Malaman Malikiyya sun lissafa kurkurar baki cikin sunnonin alwala, ba cikin farillanta ba, don haka mai rauni a baki yana da sauƙi. Daga rana ta biyu sai a fara da ruwan gishiri mai ɗumi, rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya: a guntsa, a karkata kai a hankali, a buɗe baki ruwan ya zube da kansa, musamman bayan cin abinci. Sauran haƙora a ci gaba da goge su da buroshi ko asuwaki, a kauce wa ramin kawai.

Allurar da aka yi tana saki ne bayan 'yan sa'o'i, kuma dabara ita ce a sha maganin farko kafin ta gama saki, don zogin da ya riga ya kankama ya fi wuyar kwantarwa. Magunguna biyu ne ginshiƙi, kuma duka ba masu tsada ba ne: ibuprofen da farasitamol. Na farko yana rage kumburin da ke haddasa ciwon, na biyu yana rage jin zafin ta wata hanya daban, shi ya sa haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai aiki. A 2024 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'ida cewa irin waɗannan magunguna, su kaɗai ko a haɗe, su ne abin da za a fara da shi bayan cire haƙori, ba masu bugarwa ba. Amma suna da iyaka. Baligi ba ya wuce giram 4 na farasitamol a awa 24, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, in ya zarce hanta ce za ta ji jiki. A lura kuma, magungunan mura da dama akwai farasitamol a cikinsu, haka nan haɗin ƙwayoyin da wasu masu kemis ke ƙullawa a leda, wanda mai sha bai san me ke ciki ba. Shi kuwa ibuprofen bayan an sa wani abu a ciki ake shan sa, kuma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da mai asma, da wanda ke shan maganin tsinka jini, su gaya wa likita kafin su taɓa shi.

Asfirin yana hana jini daskarewa da wuri, don haka ba shi ne maganin wannan rana ba. Ɗora shi a kan dasashi kuwa ƙuna yake yi, wurin ya yi fari ya saluɓe. Haka kanwa, da garin taba, balle ruwan batir, wanda har yau akwai masu ɗigawa a haƙori. Sai maganar taramol da kodin. Najeriya ta ga abin da suka yi wa matasa, har a watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton bincike na BBC. Saurayi ɗan shekara 20 da aka cire wa haƙori, abokinsa ya miƙo masa ƙwaya ya ce wannan ta fi ta asibiti, zogin kwana uku ya kai shi ga abin da zai yi shekaru yana fama da shi.

Ciwon yana da hanyar da yake bi. Kumburi yakan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku, sa'annan ya fara saɓewa. Ƙanƙara a cikin tsumma, a dafa a kunci minti 15, a huta, a sake, tana taimakawa a ranar farko. Baki kan ƙi buɗuwa sosai na kimanin mako guda, kuncin wani ma har ya canza launi. Yawanci cikin mako biyu mutum ya koma daidai.

Wanda ya saɓa wa wannan tsari shi ne abin lura. Mutum ya fara samun sauƙi, sai a rana ta uku zuwa ta biyar zogi ya dawo ya fi na da, yana harbawa har kunne da gefen kai, baki yana wari, magani ba ya kama shi. In aka haska ramin sai a gan shi wayam, wani lokaci har farin ƙashi. Gudan jinin ne ya tafi. Wannan ciwo yakan sami mutum 2 zuwa 5 cikin 100 a cire haƙori na yau da kullum, amma ya fi haka yawa nesa ba kusa ba a haƙorin hankali na ƙasa da ya maƙale. Masu shan sigari da shisha su ne kan gaba, don zuƙar tana fisgar gudan, hayaƙin kuma yana hana rauni warkewa. Aƙalla a haƙura kwana uku. Mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa su ma sun fi fuskantar sa. Maganinsa ba ya kanti. Likita zai wanke ramin, ya cusa wani ɗan magani mai ƙamshin kanumfari, kuma sau da yawa kafin mai ciwo ya iso gida ya ji sanyi. Zama a ɗaki ana ƙara yawan ƙwaya wahalar banza ce.

Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su: zazzaɓi, mugunya, jinin da ya ƙi tsayawa duk da cizon auduga, da kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku. Mafi haɗari shi ne kumburin da ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri, haɗiya ko numfashi ya soma wuya. Wani likitan Jamus, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana irinsa tun 1836, kuma har gobe yana iya toshe maƙogwaro cikin sa'o'i. Wannan ko tsakar dare ne asibiti za a nufa.

Abinci bai da wuyar sha'ani. Koko da kunun gyaɗa da suka huce, nono, fura da aka dama sosai, ayaba, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka ba yaji. Da cokali ko kofi za a sha, ba da tsinken zuƙo ba. Kilishi, ƙuli-ƙuli, aya, rake da goro su jira, haka dambu da riɗi masu faɗawa rami. Wanda aikin nasa ba na gaggawa ba ne, ya shawarci likita a tsara shi kafin watan azumi ko bayansa, don a sami shan magani a kan lokaci.

Wasu kan ji leɓen ƙasa, ko haɓa, ko gefen harshe ya mutu bayan allura ta saki, saboda jijiyoyin wurin suna bi ta kusa da saiwar haƙorin. Galibi yana dawowa cikin makonni, amma a sanar da likita da wuri. Zaren ɗinki wani narkewa yake yi, wani sai an koma an cire bayan kimanin mako guda. Sauran haƙoran ukun kuwa ba dole ne su bi ɗan'uwansu ba: tun 2000 hukumar lafiya ta Birtaniya mai suna NICE ta ce haƙorin hankalin da ya maƙale amma ba ya ciwo, bai ruɓe ba, bai cutar da maƙwabcinsa ba, a bar shi, a riƙa kai shi ana dubawa.