GAWO A TSAKIYAR GONA: DARASI GA MANOMAN GOBE

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu 'ya'yan manoma ne. Duk wanda ya taso a ƙasar Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ya san irin iskar da takan taso gabanin ruwan farko. Takan kwaso rairayi ta binne geron da bai daɗe da tsirowa ba, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Ƙasarmu jigawa ce, damina kuwa ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Darasinmu shi ne yadda itace, da amfanin gona, da dabba suke taimakon juna in an bar su a wuri ɗaya.

Me ya sa gawo?

Allah ya yi gawo dabam da sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowane itace yake kore, shi sai ya zubar da ganyensa, don haka inuwarsa ba ta danne gero. Ganyen da ya zuba yakan ruɓe ya zama taki daidai lokacin da shuka take bukata. Kuma shi dangin wake da gyaɗa ne: a saiwarsa akwai ƙananan halittu masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su sa a ƙasa, wato abin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Ku duba da kanku a gonar gida, za ku ga geron gindin gawo ya fi na fili tsawo da kaurin zangarniya.

Da rani kuma sai ya yi ganye ya yi 'ya'ya, lokacin da ciyawa ta ƙare. Awaki da tumaki da shanu sukan taru a gindinsa su ci 'ya'yan, su huta a inuwa, su bar kashinsu a nan. Ga taki ya zo gona ba tare da an ɗauko shi a mangala ba. Dabbar da ta ci gawo takan kai damina da sauran ƙarfinta, ta kuma yi daraja ran Alhamis a kasuwar Maigatari. Magabata sun san wannan, shi ya sa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka kafa doka mai tsanani a kan saran gawo.

Sauran amfanin itatuwa

1. Suna karya ƙarfin iska, saiwoyinsu kuma suna riƙe ƙasa kada ta zaizaye.
2. Ruwan sama yakan nutse a gindinsu maimakon ya gudu, damshi kuma ya daɗe.
3. Suna ba da itacen girki. In babu shi, kara da kashin shanu ake ƙonawa, alhali su ne abincin gona.
4. Kuka da tsamiya da aduwa da magarya suna ciyar da gida, dakwara kuma tana ba da ƙaro na sayarwa.

Abin da ya faru a Maradi

Bayan farin 1973, an kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa a Nijar, amma akasarinsu suka mutu saboda zafi da awaki. A 1983, wani ma'aikacin mishan na SIM a Maradi, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne. Tohon itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu kuwa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Lokacin yunwar 1984 aka shawo kan manoma da yawa suka gwada barin tohon nan yana girma. Waɗanda suka ga amfaninsa suka ci gaba, maƙwabta suka kwaikwaya. Suka sa masa suna sassaben zamani. Bayan kamar shekara 20, masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, musamman a jihohin Maradi da Damagaram. Damagaram ɗin nan kuwa ita ce muke iyaka da ita a Maigatari. Ƙasarmu da tasu iri ɗaya ce.

Yadda ake yi

Lokacin sharar gona, kada a tumɓuke kowane kututture, kada kuma a cinna masa wuta. A zaɓi na gawo, ko kalgo, ko sabara, ko aduwa. A bar rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a datse sauran da wuƙa mai kaifi. A kewaye ƙaramin da ƙaya saboda awaki, a riƙa rage masa rassan ƙasa lokaci lokaci. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, domin tsohuwar saiwa ta riga ta kai ga damshi.

Wasu za su ce itace yana tara tsuntsaye, ko yana cin wurin shuka. Maganin wannan shi ne a ba da tazara, a kuma riƙa rage rassa. Babbar matsalar ita ce mai sara da dare. Wannan sai mai unguwa da manoma da makiyaya sun zauna sun yi yarjejeniya: makiyayi ya sassaƙi reshe don dabbarsa, amma kada ya kashe uwar.

Jigawa tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. Amma hukuma ba za ta shiga gonar kowa ta yi masa sassabe ba.

Aikin hutu

Kowane ɗalibi ya ƙirga itatuwa da kututturan da suke gonarsu, ya tambayi wani dattijo waɗanne itatuwa ne suka ɓace a garinsu. Sa'an nan ya nemi izinin mahaifinsa ya gyara kututture biyar, ya auna tsawonsu, ya kawo wa malamin aikin gona rahoto in an dawo makaranta.