Tsohon jirgi mai farfela: abin da ke ƙarƙashin daɓe

Ƙarfe biyun dare ya gota, hanga ta yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin janareta. An kwance kujerun baya na wani jirgi mai farfela biyu, an ɗaga daɓen da ke kusa da makewayi. Mai wannan rubutu, injiniyan gyaran jirage, ya durƙusa da tocila a hannu ɗaya da ɗan madubi a ɗayan. A jikin dogon ƙarfen da ke ɗauke da daɓen ya hango wani farin gari kamar an barbaɗa toka. Haka tsatsar alminiyom take: fara fat, ba ruwanta da jan nan da aka saba gani a kwanon rufi. Shekaru aka yi ruwan makewayi da ragowar shayi daga ɗan kicin ɗin jirgin suna tsiyaya a wurin, ba wanda ya gani.

Yaron da ke koyon aiki ya leƙo ya ce, "Oga, a goge a shafa fenti?"

Gogewa kam an goge, sai dai bayanta akwai awo. Littafin gyara na kamfanin da ya ƙera jirgin ya ƙayyade iya kaurin da ƙarfen zai iya rasawa, kuma da aka auna, tsatsar ta ci fiye da haka. Da safe manajan zirga-zirga ya iso yana haki: "Injiniya, don Allah a lallaɓa zuwa Litinin, mun riga mun sayar da tikiti." Jirgin bai tashi ba sai da aka kawo sabon ƙarfe aka ɗaura.

Fasinja da yawa da sun hango farfela sai gabansu ya faɗi, su ce an haɗa su da akwala. Alhali injin da ke juya farfelar ɗan gida ɗaya ne da na jet, kananzir iri ɗaya suke sha, kuma har gobe kamfanin ATR na ƙera sababbi dal a birnin Tulus na Faransa, saboda a gajeriyar tafiya sun fi jet tsimin mai. Amma gaskiya ne cewa da yawa daga cikin masu shawagi a Afirka sun kwana biyu. Kamfanin Fokker ya durƙushe a 1996, ke nan duk wani Fokker 50 da ka gani a yau ya haura shekara 25.

A hanga, shekarun kalanda su ne na ƙarshe da ake tambaya. Ana fara duba awoyin da jirgi ya yi a sama, sannan yawan tashi da saukarsa. Duk lokacin da ya hau, ana cusa iska cikin gangar jikinsa don mutane su iya numfashi, sai jikin ya ɗan kumbura. Idan ya sauko ya saɓe. Wanda ya taɓa lanƙwasa murfin gwangwanin madara gaba da baya har ya ɓalle ya san abin da ake kira gajiyar ƙarfe. Jirgin alhazai daga Kano zuwa Jidda zai share awoyi a kan kumburi ɗaya. Mai farfela da ke ƙananan zango, irin Abuja zuwa Ilori ko Yamai zuwa Damagaram, zai yi kumburi da saɓewa sau da yawa kafin rana ta faɗi. Sai kuma inda jirgin ke kwana. Iskar Legas da Fatakwal mai laima da gishiri tana haifar da tsatsa, ƙurar hunturu a arewa kuma tana cin bakin farfela da ƙananan fukafukan cikin inji kamar ana goga musu samfefa.

Mutanen Kano ba su manta ranar 4 ga Mayun 2002 ba, ranar da jirgin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, sama da mutum 100 suka rasu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Jet ne ƙirar BAC 1-11. Bayan nan gwamnati ta hana irinsa ɗaukar fasinja, ta kuma kafa ƙa'idar shekara 22 a kan jiragen da ake shigowa da su. Matakin ya kwantar wa jama'a hankali, ya kuma kori wasu akwalolin da suka cancanci kora. Sai dai hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ba ta yanke wa jirgi shekarun ritaya ba. Abin da take nema shi ne kowace ƙasa ta tabbatar jirgi na ci gaba da cancantar tashi, aikin da NCAA ke yi a Najeriya, ANAC kuma a Nijar.

Wannan cancanta tana da tsari. Akwai duban kullum, akwai wanda ake yi bayan awoyi ɗaruruwa, akwai babban da ma'aikata ke kira si-cek, inda ake tuɓe jirgi a yi makonni ana bin sa gaɓa-gaɓa. Wasu sassan, kamar fayafayan ƙarfen da ke juyawa a wurin da ya fi zafi a inji, suna da adadin tashi da sauka da aka yanka musu. Da sun cika shi za a cire su ko da suna ƙyalli. Idan aka gano lahani a wani samfuri, kamfanin da ya ƙera shi kan aiko da shawara, hukuma kuma kan fitar da umarnin dole mai wa'adi. Doka ta yarda jirgi ya tashi da wasu 'yan matsaloli, amma da ƙidayar kwanaki: wani rukuni kwana 3, wani 10, wani 120. A nan ne ake gane kamfanin kirki. Idan ka buɗe kundin jirgi ka ga matsala ɗaya ana rufe ta yau tana dawowa jibi, to ana yi wa ciwo kwalliya ne.

Irin wannan kwalliya ce ta ci jirgin Chalk's a Mayami ta Amurka ranar 19 ga Disamban 2005. An ƙera shi tun 1947, daga baya aka ɗora masa injina na zamani. Mai ya daɗe yana yoyo daga fiffikensa, ana liƙewa yana dawowa, ba a bi sawun yoyon zuwa tsagewar da ke ciki ba. Fiffiken dama ya ɓalle jim kaɗan da tashi, mutum 20 suka rasu.

Labarin da mai wannan rubutu ke fara bai wa duk sabon yaro a hanga na Embraer 120 ne, jirgin Barazil mai ɗaukar mutum 30. Irinsa ne ya faɗi a Legas ranar 3 ga Oktoban 2013 ɗauke da gawar tsohon gwamnan Ondo, Olusegun Agagu. Amma labarin na jihar Tezas ne, a Satumban 1991. An shigo da jirgin kamfanin Continental Express hanga don a sauya robar da ke fasa ƙanƙara a gaban fukafukan wutsiya, hagu da dama. Masu aikin yamma suka fara. Wani sufeto, da niyyar taimako, ya hau ya kwance notocin saman ɓangaren hagu, guda 47. Lokacin tashi ya yi, suka tafi gida. Ba a rubuta a takardar miƙa aiki ba, ba a faɗa wa masu aikin dare da baki ba. Su kuma da suka ga lokaci ya ƙure, sai suka gama na dama, suka ce na hagu a bar shi sai wani dare, a zatonsu ba a taɓa shi ba. Wutsiyar wannan jirgi tana can sama, matuƙin da ke zagaye kafin tashi ba zai hango samanta daga ƙasa ba. Jirgin ya yi zangon farko lafiya. A hanyar dawowa Hustan, ranar 11 ga wata, yana saukowa sai gaban fiffiken ya yage, jirgin ya tarwatse a sararin sama ɗauke da mutum 14. Bai kai shekara 5 da ƙerawa ba.

Idan layi ɗaya da ba a rubuta ba ya yi wa sabon jirgi haka, sai a ƙiyasta tsoho, wanda ake kwance shi ana ɗaurawa fiye da kowa, kuma kundinsa ya ratsa hannun kamfanoni uku ko huɗu a ƙasashe daban-daban.

Labari na biyu ya fi ban takaici, domin an kama lahanin aka sake shi. Ranar 21 ga Agustan 1995 wani Embraer 120 na kamfanin ASA ya tashi daga Atlanta, yana hawa sai reshe ɗaya na farfelar hagu ya karye. A gindin kowane reshe akwai rami da ake toshewa da ɓawon itace, shi kuma ɓawon an wanke shi da kulorin. Kulorin ya haɗu da laima ya ƙwaƙule 'yan ramuka a cikin alminiyom, daga nan tsaga ta fara tafiya. Tun 1994 na'urar da ke gano tsagewa da sauti ta nuna alamar matsala a wannan reshe, aka cire shi aka aika wurin gyara. Ma'aikacin ya leƙa da madubin bututu bai ga tsaga ba, ya goge wurin ya yi sumul, gugar ta ɓatar da alamar da na'urar ke ji, aka mayar da reshen bakin aiki. Mutum 29 ne a jirgin, 8 suka rasu a lissafin hukumar bincike, akasari saboda wutar da ta tashi bayan faɗuwa. Hukumar ta ɗora laifin a kan ƙarancin horo da kayan aiki da rashin ingancin tsarin gyaran a kamfanin farfelar.

Sai maganar kayan gyara, wadda ita ce jarrabawar masu tsofaffin jirage idan dala ta yi tsada. Mai mota zai shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ya ɗauko na Beljiyam ya ɗaura, in ya ƙi ya tsaya a gefen titi. A jirgi, noti ɗaya ba ya hawa sai da takardar da ke nuna inda aka ƙera shi da wanda ya gwada shi. Ranar 8 ga Satumban 1989 wani Convair 580 na kamfanin Partnair, da aka ƙera gangar jikinsa a 1953, ya tashi daga Oslo zuwa Hambog ya faɗa teku kusa da Denmak da mutum 55. Masu bincike sun gano cewa daga cikin notocin da ke riƙe da wutsiyarsa akwai na jabu, waɗanda ba su kai ƙarfin da aka ƙayyade ba.

A ƙarshen kowane gyara akwai takarda ɗaya da injiniya mai lasisi ke sa wa hannu, cewa jirgi ya cancanci komawa aiki. Sunansa da lambar lasisinsa ne a kai, na manaja ba ya wurin. Don haka kiran mai wannan rubutu ga ƙannensa da ke fitowa daga kwalejin koyon aikin jirage ta Zariya shi ne: duk notin da kuka kwance ku rubuta kafin ku tashi daga aiki, ku kuma kama hannun wanda zai karɓe ku ku nuna masa wurin. Masu kamfani su ware kuɗin si-cek tun kafin wa'adi ya zo. Kai kuma fasinja, idan aka sanar cewa an dakatar da tashi saboda matsalar na'ura, ka nemi haƙƙinka na jinkiri a wurin kamfani, amma kada ka shiga cikin masu ihun a tashi haka nan.