Darasi: Lambobin waya masu cin kuɗi

Salula ta shiga kowane ƙauye. Da ita manomi ke tambayar kuɗin wake a kasuwar Maraɗi. Da ita uwa ke jin muryar ɗanta da ya tafi cin rani. Amma akwai kukan da ake yawan ji: mutum ya sa kiredi da safe, ya yi kira guda, kiredin ya ƙare, alhali mintocin forfensa suna nan ba a taɓa su ba. Sau da yawa dalilin yana cikin lambar da aka kira. Lambobin waya ba kuɗinsu ɗaya ba.

Lamba mai gari da lamba marar gari

A Nijar, lambar waya tana da alƙalumma 8. Wayar tarho ta girke, irin ta ofisoshi, tana farawa da 20. Alƙalumma biyu da ke biye suna nuna garin. 20 41 Maraɗi ce. 20 51 Damagaram ce. 20 61 Tawa ce. 20 72 da 20 73 Yamai ce. Wannan ita ce lamba mai gari. Wanda ya iya karatu, da ya gan ta ya san inda kiransa za shi.

Lambar salula ba ta nuna gari, amma kuɗin kiranta sananne ne.

Akwai kuma wasu lambobi na musamman. Ba na mutum guda ba ne, ba na gari guda ba ne. Na wani aiki ne: ofishin tambaya na kamfani, wasan gasa, labarin ƙwallo, neman agaji. Wasu gajeru ne, alƙalumma 2, 3 ko 4. Wasu dogaye ne. Su ne lambobi marasa gari. Cikinsu akwai na kyauta, akwai masu tsada ƙwarai.

Mine ne forfe?

Forfe ciniki ne tsakanin mai salula da kamfanin waya. Mutum ya biya kuɗi gaba ɗaya, a ba shi mintoci kaza na kwana ɗaya, na mako ko na wata. Mintocin nan na kiran mutane ne a lambobin da aka saba. Lambobi na musamman galibi ba su ciki.

Kamar mai shago ne ya ce: biya kuɗi kaza, ka ɗauki tiya biyar ta hatsi. Wanda ya ƙara sukari da shayi, sai ya biya su daban. Haka kamfani ke yi. In an kira lambar da ba ta cikin forfe, sai a cire kuɗin daga kiredi.

Kuɗi biyu cikin kira guda

Mace ta ɗauki hatsi za ta injin niƙa a wani gari. Ta biya mai amalanke kuɗin hanya. Ta biya mai inji kuɗin niƙa. Kuɗi biyu ke nan.

Kiran lamba mai tsada ma haka yake. Akwai kuɗin kira, wanda kamfanin waya ke ɗauka. Akwai kuɗin aiki, wanda mai lambar ke samun rabonsa a ciki. Ko da forfe ya biya kuɗin kira, ba ya biyan kuɗin aiki. Mai lambar yana samun riba in kiran ya daɗe. Shi ya sa wasu ke barin mutum yana sauraren kiɗa, minti na wucewa, kuɗi na tafiya.

Yadda aka shirya abin a Faransa

A Faransa, irin waɗannan lambobi suna farawa da 08. Ƴan Nijar da ke karatu ko aiki a can suna gamuwa da su a takardu da tallace-tallace. Mutane sun daɗe suna kuka da su, don ba a gane kuɗinsu. Tun ranar 1 ga Oktoba 2015 aka raba su kashi uku, kowane kashi da launinsa.

Na farko, launin tsanwa. Lambobi daga 0800 zuwa 0805. Kira kyauta ne, aiki kyauta ne, ko da salula aka kira.

Na biyu, ruwan toka. Lambobi daga 0806 zuwa 0809. Aiki kyauta ne. Ana biyan kuɗin kira kawai, kamar an kira wayar gida. In mutum yana da mintoci a forfe, cikinsu ake cirewa.

Na uku, launin shunayya, wato ja da ya kusa da shuɗi. Lambobin da ke farawa da 081, 082 da 089. Nan ake biyan kuɗi biyu. An sa wa kuɗin aiki iyaka. A 081, ba ya wuce santim 6 na Yuro a minti. A 082, santim 20. A 089, santim 80 a minti, ko Yuro 3 a kira guda.

Dokar can ta tilasta a faɗa wa mai kira kuɗin tun farkon kira. Wannan bayani kyauta ne. Bayansa ana jin wata ƴar ƙara. Wanda ya katse kafin ƙarar, ba ya biyan kuɗin aiki. Kuma an hana mai sayar da kaya ya ba abokin cinikinsa lamba mai tsada don kai kuka game da abin da ya saya.

Lissafi da kuɗin gida

Yuro 1 yana da santim 100. Yuro 1 kusan faran 656 ne na sefa.

Santim 6 kusan dala 8 ne. Santim 20 kusan dala 26 ne. Santim 80 kusan dala 105 ne, wato faran 525.

Wanda ya yi minti 10 a lambar 089 mai santim 80, ya biya kusan jikka 5 da dala 50. Wannan kuɗin aiki ne kawai. Kuɗi ne da zai ciyar da gida na wasu kwanaki.

A lura da abu guda. Kyautar lamba ta tsaya a iyakar ƙasarta. Wanda ke Tasawa ya kira lambar 0800 ta Faransa, ko kiran ya ƙi shiga, ko a cire masa kuɗin kiran ƙasar waje.

A nan gida

A Nijar ma akwai lambobi marasa gari. Na agaji kyauta ne. 17 ta ƴan sanda ce. 18 ta ƴan kwana-kwana ce. Ya kamata kowa ya haddace su. Kada yara su yi wasa da su, don mai bukata ya samu layi.

Akwai gajerun lambobi na wasan gasa, na waƙar jira, na labarai da ake aikowa a rubuce. Waɗannan na kuɗi ne. Wasunsu rajista ce: mutum ya danna sau ɗaya, kullum a cire masa kuɗi har ranar da ya soke. Misali, in rajista tana cin dala 10 a rana, a kwana 30 ta ci jikka 1 da dala 100. A shekara ta ci jikka 18 da dala 50. Kaɗan-kaɗan ɓera ke ƙarar da rumbu.

Akwai kuma Turaya, wayar tauraron ɗan Adam. Direbobin hamada da masu haƙar zinari a arewacin Agadas suna aiki da ita inda babu layin salula. Lambarta tana farawa da +882 16. Ba ta kowace ƙasa ba ce. Kamfaninta yana Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kiranta daga salula yana da tsada, kuma galibi ba ya cikin forfe. Mai ɗan uwa a can ya shirya maganarsa tukuna, ya faɗe ta a taƙaice.

Bip ɗin ƴan damfara

Wata dabara ta ƴan damfara ta yaɗu a duniya. Suna yi wa mutane bip daga wata lamba ta waje, su katse. Mutum ya zaci ɗan uwansa ne na Libiya ko Aljeriya, ya sake kira. Lambar mai tsada ce. A riƙe shi da surutu ko da kiɗa, kiredinsa na ƙarewa, su kuwa suna samun rabonsu.

Karatu yana maganin wannan. Kowace ƙasa tana da lambarta ta farko. Nijar +227. Najeriya +234. Libiya +218. Aljeriya +213. Gana +233. Kodebuwa +225. Faransa +33. Wanda ya ga bip daga lambar ƙasar da ba shi da kowa a cikinta, ya ƙyale ta. Mai bukata ta gaskiya zai sake kira.

Abin da ya kamata mai salula ya yi

1. Ya karanta farkon lamba kafin ya kira.
2. Ya nemi kuɗin a takardar talla. Sau da yawa an rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a ƙasa.
3. Ya duba kiredinsa kafin kira da bayan kira.
4. Ya saurari bayanin farko. In kuɗin ya yi yawa, ya katse nan take.
5. Kada ya danna amincewa da saƙon da bai gane ba. Ya kai wa wanda ya iya karatu. Matambayi ba ya ɓata.
6. In kiredi na raguwa ba tare da kira ba, ya je ofishin kamfani, a duba, a soke rajistar.
7. In kamfani bai share masa hawaye ba, akwai hukumar da ke sa ido kan kamfanonin waya, mai suna ARCEP, a Yamai.

Tambayoyi don cibiyar karatun manya

1. Wane gari ne lambar da ta fara da 20 51 ke nunawa?
2. Waɗanne kuɗi biyu ne ake biya in an kira lamba mai tsada?
3. A Faransa, wane launi ne ke nuna lambar kyauta?
4. Don mi bai kamata a mayar da kiran kowane bip ba?

Lissafi

Wani manomi yana da kiredi na jikka 1. Ya kira lambar da ke cin dala 25 a minti. Ya yi minti 6. Dala nawa ya kashe? Dala nawa suka rage masa?

Malamin cibiya ya sa kowane ɗalibi ya rubuta a littafinsa lambar ƙasar da ɗan uwansa ke zaune, da lambobin agaji guda biyu. Wanda ya koya, ya koya wa mutanen gidansa.