Kafin a biya wa yaro kuɗin karatun intanet

Iyayenmu na Basirka, kafin ku sayar da buhun riɗi ku yi wa yaro rajista a NOUN, jami'ar karatu daga gida, ku gwada shi tukuna. Ku ba shi mako guda ya sauke darasi a waya, ya karanta, ya rubuta shafi ɗaya da Turanci, ya tura ta imel. Iya Facebook daban, karatu daban.

Abin da ya fi damuna shi ne: bayan sallar asuba, yana buɗe littafi ba a ce masa ba? Can babu malamin da zai tsaya a kansa.

Sai caji da kuɗin data. Kuma ya riƙa leƙa shagon kwamfuta a Birnin Kudu ko Gwaram, yatsunsa su saba, domin jarrabawar shekarun farko a kwamfuta ake yi, kamar JAMB.